Fure Ya Barbari Kansa, Ko Ya Jira Iska?

Furen alkama kansa yake barbara: garin namiji, wato ƙurar da sashen namijin fure ke fitarwa, ya faɗa kan sashen macen a cikin fure guda, sau da yawa tun bai gama buɗewa ba. Ba ya jiran kowa, iri kuma ya fito kamar uwarsa sak. Sai dai cutar da ta kayar da ɗaya tana iya share sauran.

Masara kuwa da iska ta dogara, kuma dabararta ta fi burge ni. Garin yana tasowa daga saman wani kara ya sauka kan gemun wani. Kowane zaren gemu ƙwaya ɗaya yake bayarwa, shi ya sa goyo ke fitowa da giɓi idan garin bai kai ga wasu zaruruwan ba. Gari mai yawa yana tafiya a banza, amma gaurayen gado yakan ƙara wa tsiron ƙarfi.