Aika 'ya'yan macijin masara ta hannun kamfanin dillanci, abun da na gani

Duk wanda ya haɗa macijin masara (wani maciji marar dafi ɗan asalin Amurka da ake kiwo a gida) mace da namiji dan sha'awa kawai, to ya shirya, lissafin zai fi ƙarfinsa. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai 10 har zuwa 30, wata ma ta ƙara zubi na biyu a shekarar, bayan kamar kwana 60 a cikin ɗumi sai kaga kawuna sun fara leƙowa, ka ware biyu ko uku da ranka ya kwanta dasu, to sauran fa? Dabba ce da take kaiwa shekara 15 zuwa 20, bazaka iya riƙe su duka ba, kuma 'yan uwa da abokan aiki masu son maciji basu da yawa, cikin sati ɗaya ka gama dasu. Dole sai an nemo masu saye daga nesa, wanda ya gani a MorphMarket, shafin intanet na cinikin dabbobi masu rarrafe, ko wani wajen talla yace yana so, shi yana jihar Ohio ta Amurka kai kana wata jiha, daga nan maganar aikawa ta taso.

A Amurka gidan waya baya karɓar maciji kwata kwata, kamfanin jigilar kaya na UPS ma haka. Kamfanin jigila na FedEx ne hanyar da kowa yake bi, su kuma ba haka kawai zaka shiga da kwali kace akwai maciji a ciki ba, sai wanda suka amince dashi suka duba yadda yake ɗaure kaya. Anan ne kamfanonin dillancin suka shigo, su suna da wannan amincewar, kai sai ka buɗe asusu a wajensu ka sayi tikitin aikawa ta hannunsu, ka buga shi a firinta ka manna. Akwai su da dama kuma tsarinsu kusan ɗaya ne. Wanda nake amfani dashi yana sayar da kayan ɗaurin ma a haɗe, kwali sabo mai soso fari a bango shida, kofin roba mai murfi, fakitin ɗumi da takardar mannawa, dan haka zanyi maganar sabis ɗin da kayan a tare.

Kwalin dai bani da ƙorafi a kansa. Sosonsa kauri ne, kusan kashi uku cikin huɗu na inci, yana zama daram babu wata kafa a kusurwa, ƙaramin kwalin mai inci 7 da 7 da 6 ya ishi ɗan maciji ɗaya ko biyu. Kar kayi tunanin ka sake amfani da tsohon kwalin da aka kawo maka kaya a ciki, ya riga ya yi laushi kuma za'a ɗora masa wasu kaya masu nauyi a hanya.

Kofin ne muka ɗan saɓa. Ramukan iskar da suka huda a wasu kofunan sun yi girma ga ɗan macijin masara, wanda ya san su ya san jaririn nan siriri ne kamar fensir kuma babu abun da ya iya kamar neman hanyar fita, duk inda hancinsa ya shiga zaiyi ta turawa har ya goge fatar hancin. Yanzu kofuna marasa huji nake saya, in huda da kaina ƙanana, daga ciki zuwa waje yadda kaifin robar zai kasance a waje. Sai in sa takardar goge hannu a yamutse ya samu abun riƙewa da wajen ɓuya, murfi kuma a zagaye shi da salatif ba tare da an toshe ramukan ba. Maciji ɗaya kofi ɗaya, ko da 'yan gida ɗaya ne, saboda jariransu akan samu wanda zai haɗiye ɗan uwansa, ba kullum ba amma yana faruwa.

Abun da yasa na tsaya da kamfanin nan gaskiya maganar yanayi ce. Suna da ƙa'ida a rubuce kuma basa wasa da ita, in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 38 a ma'aunin Farenhait babu aikawa, daga nan zuwa ƙasa da 70 a sa fakitin ɗumi, daga 70 zuwa sama a cire shi, in ya haura 90 da 'yan kai to kar a kai gida sai dai mai saye yaje ya ɗauka a cibiyar FedEx, in ya wuce 100 a haƙura. Kuma ba garinka kaɗai zaka duba ba, ka duba garin mai saye ka duba Memfis ta jihar Tenesi, dan mafi yawan kayan dare ta can suke ratsawa, wasu ta Indiyanapolis. Wannan ƙa'idar tana ɓata wa mutum rai wani lokacin, saboda 'ya'yan suna ƙyanƙyashewa ne daga Yuli zuwa Satumba daidai lokacin da zafi yake ganiyarsa, mai saye ya biya yana ta turo saƙo yaushe ne yaushe ne, kai kuma kana kallon hasashen yanayi. Amma ni naji daɗin samun abun da zan nuna wa mutum ince ga doka ba ni na ƙirƙira ba, dan wallahi zafi yafi sanyi saurin kashe su, macijin masara zai iya jure ɗan sanyi na dare ɗaya ya warware, amma bayan mota a rana tsaka babu dawowa.

Fakitin ɗumin da suke haɗawa na awa 40 ne, kuma shi ya dace. Garin ƙarfe ne a ciki, iska tana taɓa shi sai ya fara tsatsa a hankali yana fitar da zafi, shiyasa yake buƙatar iska, shiyasa kuma ake huda ƙananan ramuka a jikin kwalin har cikin soson, in ba haka ba shi da macijin zasu yi rabon 'yar iskar da ke ciki. Ana buɗe shi tun kafin a rufe kwali a tabbatar ya fara ɗumi, a manna shi a murfin soso ta ciki, a cika tsakani da jarida yamutsattsiya yadda bazai taɓa kofin ba ko an juya kwalin. Dan Allah jama'a kar wanda ya sa irin na ɗumama hannu da ake sayarwa lokacin hunturu, wancan yana yin zafi sosai da wuri sannan ya mutu cikin 'yan awanni, ka dafa dabbar da farko sannan ka barta a sanyi.

Takardar mannawa ma ta taimaka. Dokar Lacey, wadda take nan tun 1900, ta wajabta duk dabbar daji da zata tsallaka jiha a rubuta a jikin kwali menene a ciki da adadinsa, takardarsu tana da gurbi a shirye, sai ka cike sunan da aka sani da na kimiyya, Pantherophis guttatus, da guda nawa ne. Abun da takardar bazata yi maka ba shine sanin dokar jihar da kake aikawa. Hawayi ba'a shiga da maciji sam. Jojiya ta hana riƙe macijin masara saboda ɗan asalin jihar ne, Niyu Jazi kuma yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a can dan haka sai da takardar izini. Shafin dillalin zai barka ka sayi tikiti lafiya lau, nauyin binciken a wuyanka yake, kuma inaga ya kamata ace suna fito da gargaɗi da zarar mutum ya rubuta irin waɗannan adireshin.

Sai kuɗi. Ko da ragin da dillalin yake samo maka, aikawar kwana ɗaya tana da tsada, kuma ɗan maciji mai launin asali ko amel (marar baƙi a jikinsa) ko aneri (marar ja), waɗanda sune suka fi yawa a hannun mai kiwon sha'awa, sau da yawa kuɗin tikitin da kwalin sun fi kuɗinsa. Mai saye zai ga farashi yayi murna, ka faɗa masa na aikawa shiru kake ji. In kana da masu launin da ake nema, ko nau'in da ake kira Okiti mai baƙin zobe mai kauri, ko mutum zai ɗauki uku huɗu a kwali ɗaya, to lissafi yana fita. In ba haka ba gara ka jira kasuwar baje kolin dabbobi masu rarrafe mafi kusa ko ka bada su a sari wa kantin dabbobi. Wani abun da bai min daɗi ba, in ka kuskure awon kwali ko da kaɗan ne, bayan kwanaki sai kaga dillalin ya ciri ƙarin kuɗi a katinka ba tare da bayani mai gamsarwa ba, sai ka bi su da imel. Suna amsawa, da mutunci ma, amma a ranakun aiki kaɗai.

Akwai inshorar isa da rai da ake ƙara kuɗi a saya, ina saye, amma ka karanta sharuɗɗan da kyau dan tana aiki ne kawai in ka bi ƙa'idar yanayi da ta ɗauri. Ni Litinin zuwa Laraba nake aikawa, saboda in jirgi ya makara akwai sauran ranakun aiki a gaba, kwali bazai kwana a sito ranar Lahadi ba. Ina kaiwa cibiyar da yamma dab da lokacin rufe karɓa, ba'a jefawa a akwatin bakin titi. Kuma ko yanayi yana da kyau ina roƙon mai saye ya zaɓi ɗauka a cibiya, zuwa safiya kayan yana can a ɗaki mai sanyin da ya dace, maimakon yawo a mota gida gida ko a ajiye shi a bakin ƙofa babu kowa.

Duk wannan kayan ba zasu gyara macijin da bai shirya ba. Sai yayi saɓar farko, wadda take zuwa kamar sati ɗaya bayan ƙyanƙyasa, sannan ya ci jaririn ɓera na firiza da aka narkar sau uku zuwa biyar a jere ba tare da an lallaɓa shi ba. Kafin tafiya ina tsayar da abinci kusan sati, in akwai abu a cikinsa girgizar hanya zata sa ya amayar, amai kuma a jariri ba ƙaramin abu bane. Ina saka 'yar takarda a kwalin mai ranar ƙyanƙyasa, ranakun da ya ci, iyayensa da jinsinsa, in kuma gaya wa mai saye ya bashi ruwa da wajen ɓuya ya ƙyale shi kwana 5 zuwa 7 kafin ya gwada bashi abinci ko ya fara ɗaukarsa a hannu. Waɗanda suke ƙin ci kuwa, kusan kowane zubi sai an samu ɗaya ko biyu, basa shiga kwali ko nawa aka taya, suna nan wajena har sai sun kama ci da kansu.