Zango biyu a ajin haziƙan yara: abin da na gani a matsayina na uwa

'Yata ta fari, wadda al'ada ta hana ni kama sunanta, tana da shekara 9 kuma tana aji huɗu a wata firamare mai zaman kanta a nan cikin Kano. Tun tana aji uku malamarta take aiko mini da ƙorafi iri ɗaya, cewa yarinyar tana gama aikin da aka ba su kafin sauran yara su kai rabi, daga nan kuma sai ta juya ta hana na kusa da ita sakat da surutu. Shawarar da makarantar ta ba mu ita ce wadda aka saba ba kowa: a tsallakar da ita aji, ta zauna jarrabawar shiga sakandare tun daga aji biyar. Babanta ya ƙi, domin a ganinsa yarinyar da har yanzu take kuka idan ƙaninta ya karya mata fensir ba ta isa zama cikin 'yan shekara 12 ba, ko da kuwa ta fi su iya lissafi. A kan haka ne muka sa ta a wani shiri na ƙarin ilimi da wata cibiya take gudanarwa ranar Asabar don haziƙan 'yan firamare, kuma yanzu da ta cika zango biyu a can, ina ganin na tara abin da zan iya faɗa.

Ba a ɗaukar yaro sai ya yi gwaji, kuma gwajin ya burge ni, domin babu ruwansa da haddar abin da ke cikin littafin makaranta. An ba su jerin lambobi su gano wadda ta ɓace, an ba su siffofi su faɗi wadda ba ta shiga sahun 'yan'uwanta ba, sannan wani malami ya zauna da kowane yaro na ɗan lokaci yana tambayarsa yadda aka yi ya kai ga amsarsa. Su 14 ne a ajinsu. Kuɗin zango ɗaya ya kai kusan rabin kuɗin makarantarta ta boko, ban da na adaidaita sahu zuwa da dawowa, sannan lokacin darasin, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 1 na rana, ya ci karo da Islamiyyarta ta Asabar. Sai da na je da kaina na roƙi malaminsu na hadda ya yarda ta riƙa biya karatunta da yamma. Abin mamaki ne a ce an tsara shiri a Kano ba a yi la'akari da wannan ba, alhali kusan duk iyayen da na tattauna da su sun sha wannan fama.

Abin da ya sa ban yi nadamar kuɗina ba a zangon farko shi ne malamin lissafinsu. A mako na uku ya zana musu murabba'i mai gida tara a allo, ya ce su zuba lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Duk wanda ya taso a cikin birni ya san wannan zane, domin shi ne hatimin da muke gani a takardun malamanmu na zaure. Malamin ya gaya musu cewa wani masani Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishwani, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake tsara irin waɗannan murabba'ai masu gidaje mara, wato waɗanda adadin gidajensu ba ya rabuwa biyu daidai, kuma a Alƙahira ya rasu a 1741. Ni kaina, da na yi boko har jami'a, ban taɓa jin sunansa ba sai daga bakin 'yata.

Ranar ta dawo gida ba ta ko tuɓe hijabi ba ta zauna a tabarma da murafun kwalba tara da ta rubuta wa lambobi. Jimlar ba ta ba ta wuya ba, domin ta gane cewa idan aka tara 1 zuwa 9 za a sami 45, kuma idan aka raba 45 gida uku kowane layi zai tashi da 15. Tambayar da malamin ya bar su da ita ce ta hana ta cin abincin rana: me ya sa dole 5 ce za ta zauna a tsakiya? Ta gwada 4, ta gwada 6, ta watsar da murafun, ta yi kuka, ta ce mini, "Umma, ni dama ba ni da ƙoƙari, ƙarya ake yi mini." Wannan ne karo na farko da wani aikin karatu ya gagare ta, kuma na ga yadda abin ya girgiza ta. Sai ranar Talata, bayan sallar isha'i, ta zo ta nuna mini cewa layuka huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60, kuma sun taɓa kowace lamba sau ɗaya ban da ta tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Saboda haka rarar 15 da ke tsakanin 60 da 45 ninki uku ce na lambar tsakiya, wato 5. Ban ce ita kaɗai ta gano ba, domin malamin ya ba su hasken cewa su ƙirga layukan da suka bi ta tsakiya, amma kwana uku ta yi tana kokawa da tambaya ɗaya, ita da ba ta saba wuce minti goma a kan aikin gida ba.

Haka zangon ya ci gaba. Sun buga dara, amma da sharaɗin kowa ya faɗi dalilin motsin da ya yi kafin ya ɗaga tsinkensa. An kai su marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, suka ga yadda zane yake fitowa daga rijiyar baba da launin kore-kore sannan ya rikiɗe shuɗi idan iska ta buge shi, kuma mako na gaba aka yi musu bayanin aikin da iskar take yi a kan rinin.

Ɓangaren kwamfuta kuwa ya gaza abin da aka tallata mana. Manhajar Scratch suke amfani da ita, wadda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka don yara su koyi tsara umarni ta hanyar jera tubala masu launi, kuma kyauta ce, tana aiki ko babu intanet. Matsalar ita ce kwamfutoci huɗu ne kacal ga yara 14, batirin biyu daga ciki ya mutu, don haka da zarar an ɗauke wuta, kafin a tayar da inji rabin lokacin ya tafi. Da na leƙa ajin wata rana na tarar yara maza ne riƙe da dukkan na'urorin, 'yan matan suna tsaye a bayansu suna kallo, matashin da ke kula da su kuma hankalinsa yana kan wayarsa. Na yi magana, an gyara na mako biyu, aka koma gidan jiya. Darasin karatu da rubutu ma bai gamsar da ni ba, domin takardun da ake raba musu an sauko da su ne daga intanet, cike da labarin dusar ƙanƙara da lissafin dala, kuma an hana yara yin Hausa a aji, alhali na lura cewa idan tunani ya yi wa 'yata zurfi da Hausa take yin sa.

A zango na biyu ne abin ya sauya. Malamin lissafin ya sami wani aiki ya tafi, wanda ya gaje shi kuma ya zo da tulin tambayoyin jarrabawar shekarun baya. A taron iyaye na gane cewa ba laifin cibiyar kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu burinsu shi ne yaransu su ci jarrabawar da hukumar NECO take shiryawa ta shiga kwalejojin Gwamnatin Tarayya, ko ta shiga makarantar haziƙai ta Suleja a Jihar Neja, kuma wani uba ya miƙe ya ce bai biya kuɗi don ɗansa ya zo ya buga dara ba. Da na nuna damuwata, shugabar cibiyar ta ce mini, "Hajiya, ki yi haƙuri, mu ma abin da iyaye suke so muke bi." Na fahimci uzurinta, amma ban karɓe shi ba, domin masu koyar da lesin na cin jarrabawa sun cika kowace unguwa kuma kuɗinsu bai kai wannan ba. Abin da ya bambanta wannan shiri da su shi ne ba wa yaro tambayar da za ta kai shi ƙasa, kuma shi ne aka fara yin watsi da shi.

Kano ba baƙuwa ba ce wajen ware haziƙai. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe a 1977, sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawan gaske, maƙwabciyarmu Jigawa ma tana da makarantar haziƙai a Bamaina. Sai dai duk waɗannan bayan firamare suke karɓar yaro, alhali tun a aji uku ko huɗu yaro mai kaifin basira yake fara gajiya da aji, ya koyi zaman banza ko ya zama abin duka saboda surutu. Wannan giɓi ne cibiyoyi irin wannan suke cikewa, amma ga masu hali kawai. A cikin yaran 14 babu ko ɗaya daga makarantar gwamnati, kuma da yake da Turanci aka yi gwajin shiga, yaron da ya fi kowa kai a wata firamare ta unguwa zai iya faɗuwa tun a karanta umarni.

Ga wanda yake tunanin sa ɗansa, shawarata ita ce kada ya tsaya a ofis yana kallon takardar talla. Ya nemi a bar shi ya zauna a bayan aji na awa ɗaya, ya lura ko malami ne yake ta magana ko yara, ya ƙirga kwamfutocin da suke aiki da idonsa, sannan ya tambayi tsawon lokacin da malamin da ya gani ya yi a wurin, domin na ga yadda tafiyar mutum ɗaya ta sauya shirin gaba ɗaya. Idan kuma burinsa jarrabawa ce kawai, ya adana kuɗinsa ya nemi mai lesin.

Mu dai mun biya kuɗin zango na uku bayan da mu iyaye biyar muka haɗu muka nemi a mayar da awa ɗaya da rabi ta kowace Asabar ga irin darussan farko, shugabar kuma ta amince a rubuce. Idan ba a cika ba, daga wannan zango mun gama. Ita kuwa yarinyar ta wuce murabba'i mai gida 25, wanda kowane layinsa yake ba da 65, ta koma kan mai gida 16. Ta san 34 ce jimlar da take nema, amma dabarar da ta koya ta masu gidaje mara ta ƙi aiki a nan, kuma murafun kwalbar suna nan jere a ƙarƙashin gadonta, ta hana kowa sharewa.