Badlar tafsil ko ta jahiz: amsa ga ƙanenmu na Jidda

Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare wani ƙanenmu a zauren nan ya kawo tambaya. Ya samu aiki a wani kamfani a Jidda, an ce masa da badla, wato kwat da wando, ake zuwa ofis, kuma saura wata ɗaya ya fara. Shin ya kai yadi wajen tela a yi masa tafsil, wato ɗinki a kan awon jikinsa, ko ya shiga kanti ya ɗauko jahiz, wato wadda aka riga aka ɗinka? Allah ya sanya alheri, ƙanena. Na karanta amsoshin da aka ba ka, kowa na yabon yadin da ya sani, amma ban ga wanda ya taɓo inda gizo ke saƙa ba.

Maganar tana cikin ƙirjin kwat ɗin, wurin da ido ba ya kaiwa. Tsakanin yadin waje da shafin ciki akwai wani abu na uku da ke tsayar da gaban rigar. Telan da ya san aikinsa yana sa wani ƙyalle mai tauri da aka saƙa da gashin doki da ulu, ya bi shi da allura, ɗinki ƙanana-ƙanana, har ya lanƙwasa yadda ƙirjin mutum yake. Ƙyallen nan ba a manne yake ba, iska na ratsa shi, kuma da tafiya ta yi tafiya sai ya bi jikin mai shi. Yawancin badlar kanti kuwa da gam ake manna wannan ƙyalle a bayan yadin, a danne da injin zafi. Ranar da ka saya ba ka iya bambancewa. Sai laimar Jidda ta haɗu da gumi da tururin magsala (gidan wanki da guga), gam ya fara saki, gaban rigar ya yi bororo kamar wanda ruwan zafi ya ƙona. Ni ganau ne. Na taɓa sayen wata a wani kanti da ba sai na ambata ba, wankin magsala na huɗu ta tashi daga aiki, guga kuma ba ta gyara wannan.

Sai dai kada kalmar tafsil ta ruɗe ka. Shaguna da yawa za su auna ka da tef, su yanka yadin da ka zaɓa, amma a ciki gam ɗin ne dai. Ka nemi a nuna maka kwat ɗin da suka gama. Ka kama yadin waje da yatsu biyu a ƙasan maɓalli, ka kama shafi ta ciki, ka ja su a hankali. In ka ji wani abu yana yawo tsakaninsu, ɗinki ne. In ba ka ji komai ba sai kaurin yadin waje, manni ne. Wani abin lura: telan da ya ƙware a tob, doguwar rigar Larabawa, ba lallai ya iya badla ba. Mu nan mun saba kai yadin Toyobo na Japan a ɗinka mana tob cikin 'yan kwanaki, sai mu ɗauka kwat ma haka take. Sana'a ce daban.

Abu na biyu shi ne burofa, wato gwaji. A titin Savile Row na Landan, inda wannan sana'a ta yi suna, kowane mutum ana zana masa nasa fasalin a takarda, aikin hannu a kwat ɗaya ba ya gaza awa 50, kuma gwajin farko rigar a harhaɗe take da farin zare, ba a gama komai ba. A nan tela ke ganin kafaɗarka ɗaya ta fi ɗaya sauka, ko bayanka ya ɗan ranƙwafa. Ana komawa sau biyu ko uku, abin ya ɗauki wata biyu zuwa uku. Ba na ce ka nemi irin wannan a Jidda ba, amma telan da ya ce maka babu buƙatar burofa, ka yi masa sallama. Jahiz ba ta da wannan gata. An yanka ta ne don jikin kowa, kai za ka bi ta. Abin da ta fi tafsil da shi shi ne yau ka gani, yau ka gwada, yau ka tafi da ita, kuma aljihu ba ya jin jiki sosai.

Game da yadi, na ga wani ya ce ka nemi Super 150. Lambar nan sirantar gashin ulun take nunawa, ba ƙarko ba. Super 100 kaurin silinsa bai wuce maikron 18.75 ba (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), Super 150 kuwa 16.25. Mai babbar lamba ya fi laushi, ya fi tsada, ya kuma fi saurin yamutsewa da cinyewa a gwiwa da mazaunai. Mai zaman ofis kullum, 110 ko 120 ya ishe shi. Abin da ya fi lambar muhimmanci a zafinmu shi ne nauyi da saƙa: ka nemi ulu mara nauyi, wajen giram 250 a mita, mai sakakkiyar saƙa, wanda in ka ɗaga shi saitin fitila za ka ga haske na ratsawa. Masaƙun yankin Biyella a Italiya, irin su Vitale Barberis Canonico, da na Hadasfil a Ingila, sunansu yakan fito a bakin yadin, ka duba da idonka. Mita uku zuwa uku da rabi ke yin kwat da wando. Yadi mai roba kuwa ka bar shi, dafa ka zai yi.

Rigar ciki mai kwala, nan babu gardama, tafsil ta fi. Ba ta da tsadar kwat, kuma wuya da tsawon hannu su ne ke ba mutane wahala a ta kanti. Ka nemi zallar auduga, ta Masar in ka samu, ka sa a jiƙa yadin ya gama tsukewa kafin a sa almakashi.

To da ni ne kai, ga wata ɗaya kacal, zan sayi jahiz guda, shuɗiya mai duhu ko ruwan toka, wadda kafaɗarta ta zauna daidai, don kafaɗa ce ke da wuyar gyara. Ƙugu da tsawon hannu da ƙafar wando kowane tela zai rage maka. Da ita zan fara aiki. In albashi ya shigo sai in ba da tafsil a natse, da wando biyu, tunda wando ke riga kwat mutuwa. Ka dai kauce wa ƙarshen Sha'aban da watan azumi, ka san yadda teloli ke cika da ɗinkin sallah. Ranar burofa kuma ka tafi da takalmin da za ka riƙa sawa ofis, don da shi za a tsayar da tsawon wandon.