GARGAƊI: ya sayar min da albasa da sunan fulawar Holan, naira 147,500

Jama'a assalamu alaikum. Kwana huɗu kenan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma yau kam ko dariya za a yi min sai na faɗa, don jiya da daddare ƙanwata ta turo min tallan mutumin nan, ya sake buɗe wani shafin a Instagram da sabon suna, hotunan nan dai su ne, har bidiyon gonar nan mai layi-layi ja da rawaya bai canza ba. Naira 147,500 ya ci min. 147,500. Kuɗin adashena ne na wata goma, ba tsintar su na yi a titi ba.

Duk wanda ya taɓa shigowa gidana a Agege ya san ni da fulawa. Filin ma ba wani fili ba ne, ɗan tsakanin katanga ne da tagar falo, amma shekara shida ina fama da shi, iksora ja a jere, haibiskos biyu, buganbiliya da ta haye kan katanga, sai kariya a tukunya wadda na taho da ita tun daga Kano a kan cinyata cikin mota. To ni ba baƙuwar shuka ba ce, wannan nake so a fara ganewa kafin wani ya zo yana ce min ai ke ma da gangancinki.

A watan Nuwamba na ga tallan, wai ƙwayar wata fulawa da ake kira tulif daga Holan, a shuka da hunturu ta yi fure kafin ruwan farko. Na yi masa magana da Turanci, kawai sai ya dawo min da saƙon murya da Hausa, cikakkiyar sallama, Hajiya ina wuni ya iyali ya Ikko. Ikko fa ya ce, irin ta manya. Muna cikin waya ina tambayarsa farashi sai ya ce Hajiya ki yi haƙuri an kira La'asar, bari in yi sallah in kira ki. Ya kashe. Kuma wallahi bayan minti ashirin ya kira. To a nan ne aka gama da ni. Har yau idan na kwanta wannan maganar ce take dawo min, bari in yi sallah in kira ki, mutumin da yake son ya cuce ka ai ba zai ajiye waya ciniki bai faɗa ba, haka na ce wa kaina, haka nake ta faɗa wa kaina har na tura 85,000 na farko.

Kuma ba wai ban bincika ba. Na bincika. Na ce masa Malam ai na ji wannan fulawar sai ƙasar sanyi, ya ce gaskiyarki Hajiya, a Holan ana binne ta a Oktoba ko Nuwamba, ta kwana cikin ƙasa duk tsawon sanyi, sai wajen Afrilu ta buɗe, shi ya sa mu a nan firij muke sa ta ya zame mata sanyin. Ya ce kada in ajiye ta kusa da tuffa don iskar da tuffa ke fitarwa tana kashe furen tun yana ciki. Na shiga intanet na duba, duk gaskiya ne, har maganar tuffar. To ku gaya min, mutum ya faɗa maka abu uku ka duba ka ga gaskiya ne, na huɗun za ka ce ƙarya yake? Abin da ya murɗe shi ne lissafin. Tulif tana son sanyi na sati 12 zuwa 16, sanyin da bai wuce digiri 9 ba. Shi ya ce sati shida ya isa, wai hunturun Legas zai ƙarasa sauran. Hunturun Legas! Garin da ko a tsakiyar Janairu da wuya dare ya sauko ƙasa da digiri 20, ƙura ce kawai da bushewar leɓe, da rana kuma ga gumi. Ko Jos aka ce da sauƙi. Na san wannan, a garin nan nake shekara goma sha ɗaya, amma na bar wani ya gaya min yadda sanyin garina yake.

Na tsallake wani abu. Kafin kayan su zo, a'a bayan na tura 85,000 da kamar kwana biyar, ya kira wai kaya sun maƙale a wajen kwastam sai an biya 42,500, kowa da ya yi oda an raba masa nasa kason. Ya turo min wata takarda mai tambari. Na tura. Sai 20,000 na mai kawowa da wai maganin da ake barbaɗa wa ƙasa. 85,000 da 42,500 da 20,000, ku haɗa, 147,500. Asusu biyu daban-daban, suna biyu daban-daban, na farkon ya ce na ƙaninsa ne na biyun na yaron shago, kuma eh na lura, na lura sarai, amma a kasuwar nan wa bai taɓa tura kuɗi asusun yaron shago ba?

Kuma kayan sun zo fa, wannan shi ne abin da ya ƙara ɗaure ni, da bai aiko komai ba da tun Disamba na gane. Ɗan acaɓa ya kawo min kwali har bakin get, a ciki ƙwayoyi 40 cikin garin katako, kowacce an bi ta da wata hoda shuɗiya, da ƙananan leda uku na iri an rubuta wardi mai launin bakan gizo. Ya ce kada in wanke, kada in ɓare, kada in shinshina don hodar guba ce, ta kashe ƙwari. Ina da yara ƙanana, ya za a yi in kai hanci? Na ƙulle a baƙar leda na tura can ƙasan firij na hana kowa taɓawa. Sati shida ina gadin wannan leda. Ranar da wuta ta yi kwana biyu ba a kawo ba da kuɗina na sayi mai na tayar da janareta, ba don naman miya ba, don albasa. Wannan kuɗin ma ban sa shi cikin 147,500 ɗin ba.

Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne ma, a'a ƙarya nake kuɗin suna ci min rai, amma iksorata. Ya ce tulif ba ta son haɗa ƙasa da wata shuka. Da hannuna na sa aka tuge iksora bakwai masu shekara shida, da haibiskos ɗaya, aka jibge a bola. Abban yara ya tsaya yana kallona ya ce wannan kuma lafiya, na ce ka bari ka gani a watan Maris. Har maƙwabciyata Maman biyu na ce wa ta shirya zuwa ɗaukar hoto.

Na shuka tsakiyar Janairu, kwana takwas sai ga tsiro, na yi ta murna har na tura masa hoto ya ce masha Allah Hajiya hannunki yana da albarka. Sai da ganyen ya yi tsawon ɗan yatsa biyu na fara jin wani iri, siriri ne, zagayayye, mai rami a ciki, alhali na hoton faffaɗa ne kamar harshe. Na tambaye shi ya ce wani jinsi ne. Na ɗauki guda a roba na kai wa wani dattijo mai sayar da fulawa a bakin titi ta wajen Ikeja, mutumin Katsina ne, wajensa na sayi iksorar tun farko. Baba ya karɓa, ya tsinki ganyen ya murza a yatsa, bai ma kai hancinsa ba ya miƙo min nawa. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa, cewa kawai ya yi 'yata wannan ai ta miya ce. Ni da yayana yake sayar da albasa buhu-buhu a Mile 12. Har yau ban gaya masa ba, a nan zai gani.

Irin wardin kuwa Baba ya ce babu wani iri a duniya da ke fitar da fure kala bakwai, farin wardi ake tsaga karansa a tsoma cikin ruwan rini daban-daban ya sha. Nawa da ya fito ciyawa ce da wani abu mai kama da alayyahu.

Na tsaya a wajen na kira mai tulif ɗin, ta yi ƙara sau biyu aka kashe, kafin in isa gida ya toshe ni a WhatsApp, shafin ma babu. Ko kuwa tun ranar da na tambaye shi maganar ganyen ne ya goge shafin, ban ma sani ba, kaina ya ɗaure. Banki na je sun ce in cike takarda in jira, ina nan ina jira. Hoton duk hirarmu yana nan, da rasit ɗin tura kuɗi guda uku, da takardar kwastam ɗin ƙaryar, da saƙon muryar da yake ce min Hajiya amana ce tsakaninmu, zan ɗora su da zarar na rufe lambar asusuna da ke jiki, wadda take so kafin nan ta yi min magana in tura mata.

Baba ya zaunar da ni a kan benci ya ce da wajensa na zo tun Nuwamba da abin da zai ce min bai wuce in riƙa ba da ruwa da sassafe ko bayan La'asar ba, in wanke ƙurar da ke toshe ganye, in rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don kada ƙasa ta yi saurin bushewa, in rage wa buganbiliya ruwa don da rani ta fi yin fure, in tara kashin shanu ya ruɓe sosai kafin ruwa ya sauka a Maris ko Afrilu sannan a dasa sabo. Kyauta ya gaya min wannan. Kyauta. Ni kuwa na kai wa wani 147,500 saboda ya ce bari ya yi sallah.

Kada ku sayi tulif a Legas don shukawa a tsakar gida. Kada ku tura kuɗin shukar da ba ku gani a tukunya da idonku ba, in an ce ku ƙara na kwastam ku tsaya nan. Sallama da Hausa ba shaida ba ce.

Baba ya ba ni yankan iksora biyar a leda ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce sai sun yi saiwa, amma kafin su kai girman waɗanda na zubar sai an yi shekaru. Albasar kuma tana nan layi huɗu ƙarƙashin tagar falo, 38 suka fito cikin 40, kore shar, na kasa tugewa na kasa kallo. Ɗazu babbar 'yata ta leƙo kicin wai Umma in tsinko ganyen a sa a wainar ƙwai, na ce kada wanda ya kuskura, ban san mece ce wannan shuɗiyar hodar ba.