Shekarar karatu guda a gidan rainon Goggo da ke bakin garin Garwa

Na fara kai ɗana gidan Goggo a watan Satumba, makon da aka koma makaranta, yana da shekara biyu da wata bakwai, kuma bai daina zuwa ba sai ƙarshen watan Mayu. Ina koyarwa a wata firamare a cikin Garwa, a arewacin Kamaru, ina fita kafin ƙarfe bakwai, ba na dawowa sai bayan azahar. Da can surukata ce ke riƙe shi, amma da ta koma Gidar sai muka rasa wanda za mu bar wa, ga shi matarnel, wato makarantar share fagen shiga firamare, ba ta karɓar yaro sai ya kai wajen shekara huɗu. Na leƙa gidajen raino biyu a tsakiyar gari, na tarar da ɗakuna masu tsabta da fanka, yara sun cika tabarma idonsu a kan talabijin. Ban ga laifin masu wurin ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wata abokiyar aikina ce ta yi mini kwatancen wata dattijuwa a bakin gari, ta hanyar Pitowa, wadda ke riƙe yara kaɗan a gidanta, kuma kowa a unguwar Goggo yake ce mata.

Gidan ba shi da wani abin a zo a gani. Tsakar gida ce mai faɗi da yashi, da darbejiya biyu da mangwaro ɗaya, da rumfar zana, da randa a gindin bishiya. Ƙofar baya tana buɗewa ga wani fili na danginta inda ake shuka gyaɗa da damina, akwai tsamiya babba da magarya da wani kututturen gawo da ya faɗi tun da daɗewa, kuma idan gari ya yi haske ana hango duwatsun Tingilin daga nan. Kayan wasan da na gani ranar farko su ne ƙoƙuna, da ludayi, da tsofaffin gwangwanaye da aka daddanne bakinsu, da kara, da tulin yumɓu a jiƙe a ƙarƙashin buhu. Na tambaye ta abin da take koya wa yaran, sai ta ce, "'Yata, ni ba malama ba ce. Su suke zaɓen abin da za su yi, ni kuwa idona ne aikina." A lokacin na ɗauki maganar a matsayin tawali'u irin na manya. Daga baya na gane cewa ainihin abin da nake biyan kuɗi a kai ke nan ta faɗa mini.

Wata ranar Laraba da aka tashe mu da wuri, na iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya na tsaya a bakin ƙofar baya ba tare da yaran sun gan ni ba. Ɗana yana durƙushe a gindin tsamiya yana bin layin tururuwa da ke jan ƙwayoyin dawa zuwa raminsu. Ya ɗora kara a kan hanyarsu, suka kewaye shi, ya ɗauke ya sa tsakuwa, suka haye ta, sai ya kira wata yarinya da ta ɗan girme shi, suka shiga haƙa wa tururuwar hanya da yatsa. Sun fi minti ashirin a kan wannan abu ɗaya, yaron da a gida ba ya iya zama minti biyu sai an miƙa masa waya. Goggo tana zaune a kan kujerar tsuguno taku kaɗan daga wurin tana ɓarar gyaɗa, ba ta ce musu uffan ba, amma na lura idonta yana zagaya kan yaran ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga tumaki. Da wani ƙaramin ya hau kututturen gawo ya tsaya yana rawar ƙafa, ba ta sauke shi ba, ba ta kuma daka masa tsawa ba. Ta matso kusa da shi kawai ta ce, "Duba inda za ka sa ƙafarka," ya duba, ya sauko da kansa. Ni da na saba da aji mai yara fiye da sittin, inda tsawa ce rabin aikin, na san irin haƙurin da mutum ke bukata kafin ya kame bakinsa ya bar yaro ya gwada.

Maigida bai so abin ba da farko. Kullum yaron yakan dawo futu-futu da ƙura, da yumɓu a farce, wani lokaci da ƙarangiya a wando, kuma wanki ya ƙaru mini ƙwarai. Ya ce kuɗin da muke biya da mun sa shi inda zai fara jin Faransanci. Na nuna masa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, cewa yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu ya kamata ya samu aƙalla minti 180 yana motsa jiki a kowace rana, kuma daga shekara biyu zuwa huɗu kada kallon allo ya wuce awa ɗaya. Amma abin da ya sauya masa ra'ayi shi ne yadda yaron ya koma cin abinci ba tare da an bi shi da kwano ba, yana barci da zarar an yi isha'i, da kuma ranar da ya nuna wa babansa shamuwa a sama ya ce ruwa ya kusa. Ya kuma tsinci Fulatanci a wurin sauran yaran, wanda a Garwa ba ƙaramar riba ba ce.

Batun tsaro shi ne ya fi damuna, domin duk wanda ya zauna a kwarin Binuwai ya san kububuwa da kunama ba labari ba ne. A nan na yaba mata sosai. Kowace safiya kafin yara su iso takan zagaya filin da sanda da tsintsiya, ta juya duwatsu da itatuwa, kuma da damina ba ta barin ciyawa ta yi tsawo a inda suke wasa. Babu yaron da ke fita ƙofar baya ba takalmi. Ta sare bini-da-zugun da ke shingen saboda 'ya'yansa guba ne ga yaro, ta kuma koya musu cewa tumfafiya ba a karya ta, domin ruwanta yana cutar da ido. Ba ta yarda su shiga kududdufi ko su nufi bakin kogi ba, ta ce ta ga yadda tsargiya ta wahalar da yaran unguwa, saboda haka wasan ruwa a baho ake yi da ruwan famfo. A watan Satumba da Oktoba, lokacin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, takan tambayi kowace uwa ko an ba ɗanta na kwana na biyu da na uku.

Tsarin yininta yana bin yanayi. Da hunturu, idan hazo ya yi yawa, takan jinkirta fita har rana ta ɗaga, ta shafa musu man kaɗanya a leɓe da ƙafa. A Maris da Afrilu, da zafin Garwa kan haura digiri 40, ƙarfe goma na yi sun dawo inuwar darbejiya, ana ba su ruwa a kai a kai, sannan su kwanta a rumfa bayan sun ci abinci. Abincin kuwa na gida ne: kunun gyaɗa da safe, da rana shinkafa da wake ko tuwo da miyar kuka ko ta yakuwa. Ina biyan sefa 15,000 a wata har da abincin, ban da kuɗin mai babur da ke kai mu, wanda ya kusa kai rabin haka saboda nisan unguwar.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma wajibi ne in faɗe su. Lokacin da na kai ɗana yara shida ne, amma a watan Janairu suka kai tara, har da jariri mai rarrafe, alhali mai taimaka mata 'yar ƙanwarta ce kaɗai, ita ma ba kullum take zuwa ba. A cikin wannan watan ne ƙayar aduwa ta soki ɗana a tafin hannu, ba a faɗa mini ba, sai da dare na ga wurin ya kumbura, washegari na kai shi asibitin unguwa aka cire tsinin da ya karye a ciki. Raunin bai ɓata mini rai ba kamar shirun da aka yi, domin yaron da ke wasa a fili dole wata rana ƙaya ta same shi. Na je na same ta na ce, "Goggo, ko ƙwarzane ne ina so in ji daga bakinki." Ba ta kare kanta ba, ta ce jaririn ne ya ɗauke mata hankali ran nan, ta ba ni haƙuri, kuma a ƙarshen watan ta sallami biyu daga cikin sababbin. Wannan ya nuna mini cewa irin wannan raino bai wuce ƙarfin idon mutum ɗaya ba, kuma da zarar yara sun yi yawa amfaninsa yana komawa haɗari. Haka kuma da ta kwanta rashin lafiya kwana huɗu a watan Fabrairu, gidan ya rufe gaba ɗaya, kowace uwa ta shiga neman inda za ta ajiye ɗanta. Bayin gidan na rami ne, yana da murfi kuma ana wanke shi, amma bai dace da ƙananan yara ba, sai da muka haɗa kuɗi mu iyaye muka sayi fo guda uku da buta da sabulu. Akwatin magani ma ba ta da shi sai da muka kawo auduga da bandeji da maganin wanke ciwo.

Ga uwar da ɗanta ya iya tafiya sosai, tsakanin shekara biyu da huɗu, kuma ba ta gudun wanki, ina ba da shawarar wannan gida da zuciya ɗaya. Jariri kuwa ba zan kai shi ba, haka wanda yake son ɗansa ya fara riƙe alli da haddace baƙaƙe kafin matarnel ba zai samu biyan bukata a nan ba. Wadda za ta je ta je da safe ba tare da sanarwa ba, ta ƙirga yaran da kanta, ta tambayi wanda zai tsaya idan Goggo ba ta da lafiya, ta kuma nemi a nuna mata filin baya da bayi. Ni na riga na biya kuɗin Satumba mai zuwa, bisa sharaɗin da muka yi da ita a gaban 'yar ƙanwarta cewa yaran ba za su wuce bakwai ba.