Sharhi kan aikin sauya farantin satalayit a Sabon Gari

Duk mai kallon tashoshin satalayit a Kano ya san yadda hoto ke daskarewa da zarar hadarin watan Agusta ya haɗo. Wannan ne ya kai ni wani shagon kayan lantarki a Sabon Gari, kuma abin da ya fi burge ni shi ne mai shagon ya fahimci musabbabin matsalar sosai.

Siginar da ke kawo hoton tashoshin daga satalayit, wadda ake kira ta zangon Ku, tana saukowa ne ta fuska biyu, wata a tsaye, wata a kwance. Manyan ɗigon ruwan sama kuwa sukan baje kamar waina yayin faɗowa, shi ya sa suke raunana ta kwance fiye da ta tsaye, kuma idan iska ta karkatar da su sai wani ɓangare na wannan ya kutsa cikin waccan, tashoshi su rikice. Saboda haka mai shagon ya sauya mini faranti mai faɗin santimita 60 da na 90 don ya ƙara kama siginar, ya kuma ɗauki lokaci yana murza ƙaramar na'urar da ke bakin farantin har karkatarta ta daidaita, aikin da masu haɗawa da yawa ke yi cikin gaggawa.

Yanzu yayyafi da matsakaicin ruwa ba sa taɓa hoton, sai dai ruwa kamar da bakin ƙwarya har yanzu yana yanke shi na ɗan lokaci, kuma tun farko ya faɗa mini haka. Ƙorafina kawai shi ne wayar da ya sa siririya ce, ga ranar Kano mai busar da roba.