Takarda ko na waya? Ga amsata ƙanwata

Wa alaikumussalam ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya da dare sai yanzu yara suka tafi lakwal na samu zama. Jika 5 ɗin nan da kike tunanin ko ki zuba a littattafan takarda ko ki biya na waya a sa ki a gurup, ki sayi takarda. Ba daga bakin wani na ji ba, duka biyun na sa kuɗina a ciki, ɗaya har yau yana cikin akwatina ɗayan kuma in na tuna sai raina ya ɓaci.

Akwai wani littafi mai kashi 4 da na saya farkon 2023 wajen wani dattijo da yake shimfiɗa littattafai a kan buhu wajen kasuwar Dole ta nan Damagaram, daga Kano yake ɗauko su, labarin aljanu ne haɗe da soyayya irin wanda kika ce kina so. Na kawo na tura ƙarƙashin zannuwa na manta da shi saboda lokacin waya ta ɗauke min hankali gaba ɗaya. To sai ga juyin mulkin da aka yi a nan Nijar ƙarshen watan Yuli na shekarar, aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa mana daga Najeriya aka katse, kin dai san yadda muka yi a garin nan, kuran ya zo ya tafi, ɗan cajin da ka samu sai ka adana shi don kira. Da sanyi ya shigo bayan isha'i dukkanmu ɗakin Inna muke taruwa, uwar maigidana, saboda ita ce mai kaskon garwashi. Ran nan na tuno da littafin na ɗauko kashi na 1 ina karantawa da ƴar fitila mai batir, can sai Inna ta ce ke wai me kike ta yi wa murmushi ke kaɗai, karanto mu ji mana. Inna ba ta yi boko ba, allo ta yi, Alƙur'ani da ajami ne karatunta, ban taɓa zaton za ta saurari irin wannan ba.

Labarin wani ɗan maƙeri ne da ya bi ayarin gishiri, guguwa ta raba shi da ƴan uwansa ya faɗa wani birni da ba ya bayyana cikin rairayi sai sau ɗaya a shekara, a can ya tarar da wata budurwa da sarauniyar aljanu ta ƙwace mata murya ta rufe cikin tulu, ba ta magana sai dai ta zana masa abin da take nufi a ƙasa da yatsa. Wallahi ƙanwata ban kai shafi 20 ba Inna ta tsayar da ni, ta ce mai littafin nan bai taɓa ganin yadda ake ɗaura wa raƙumi kantu ba, ba haka ake yi ba, ta tashi zaune ta shiga kwatanta mana da hannu yadda ake naɗe kantun gishirin Bilma da tabarmar kaba a daidaita nauyin gefe da gefe, ashe mahaifinta dillalin gishiri ne, in Buzaye suka sauko da ayari a gidansu wasu ke sauka. Shekara 12 ina gidan nan ban taɓa jin wannan labarin daga bakinta ba sai a daren nan. Daga nan kullum sai an karanta, ƴanmatan maƙwabta biyu suka fara shigowa da ƴar tabarmarsu, ƙanin maigida yana dawowa daga kabu-kabu ko abinci bai ci ba zai zauna bakin ƙofa ya ce Yaya ina aka tsaya. Dare 9 muka yi. Daren da tulun ya fashe yarinyar ta buɗe baki ta kira sunan ɗan maƙerin karo na farko, na ɗago kai na ga Inna tana goge ido da bakin mayafi tana cewa Allah ya saka miki ƴar nan, Allah ya saka miki. Ni kaina muryata rawa take, da ƙyar na ƙarasa shafin.

Littafin nan ya je Mirya wajen wata ƙanwata, ya je Matamaye, ya je Tanut ya dawo, bangon kashi na 2 da salatif na liƙe shi, na 3 akwai tabon mai a tsakiya, amma ko shafi ɗaya bai ɓata ba kuma har gobe Inna takan ce a ɗauko mata na mai tulun nan. Zan turo miki hoton bangon ta wayarki ki nema.

Na waya kuwa, to, yana da sauƙin samu kuma yawancin sabbin labarai can suke fara fitowa yanzu, iyakar alherin da zan faɗa kenan.

Jika guda na taɓa biya don wani labarin soyayya. Fej 15 na farko kyauta aka saki kuma tsakani da Allah sun yi daɗi, daidai inda aka ɗaura wa yarinyar aure da yayan saurayinta aka ce daga nan sai wanda ya biya. Na je na tura kuɗin ta lambar da aka ware wa ƴan Nijar, na ɗauki hoton takardar shaida na aika, aka sa ni a gurup. Satin farko kullum fej, daga nan sai bayan kwana biyu, sai sati, sai a yi haƙuri ba ni da lafiya, sai waya ta lalace, ana cikin haka aka kulle gurup ɗin ba mai iya magana sai masu shi. Har yau ban san ƙarshen yarinyar nan ba. Ba na zagin marubuciyar, mai yiwuwa lalura ce ta gaske ta same ta, rubutu da yatsa a waya kullum ga miji ga yara ba ƙaramin aiki ba ne, amma ni dai kuɗina ya tafi kuma labari ya tsaya min a maƙoshi. Sauran dokumen littattafai da na tara kusan 30 kuma ranar da wayata ta faɗa cikin bokitin wanki suka bi ruwa. Ko waɗanda ke cikin manhaja ba su da tabbas, OkadaBooks da marubutan Hausa da dama suke zuba littattafansu a ciki ta rufe a ƙarshen 2023.

Sannan ga abin da ya fi damuna wanda ƴan uwanmu na Najeriya ba za su gane ba sai an faɗa musu. Mu nan Faransanci muka yi a lakwal. Da yawanmu karatun Hausa ma da littattafan nan na Kano muka koye shi, ni dai a hannun yayata na koya, da can ou nake rubutawa a wurin u, tch a wurin c, sai da na yi ta bin su ina haɗa baƙi sannan idona ya saba har na gane 'y ɗinsu ita ce ƴ tamu. To na waya yanzu rabin hirar saurayi da budurwa da Turancin Ingilishi ake yinta, musamman in an ce saurayin likita ne ko soja ko ɗan mai kuɗin Abuja, daidai wurin da zai faɗi maganar da kika yi fej 40 kina jira sai ya juye harshe, ke kuma ki zauna kina kallon waya. Ta yaya zan karanta wa Inna wannan? Na takarda ba a rasa ɗan Turanci jefi-jefi amma Hausa ce zalla ke jan labarin, da karin magana da habaici da kirari, na jarumta da aljanu ma sun fi kowa tsabtar harshe saboda ba ofis ba jirgi a ciki, daga takobi sai doki sai daji. Kuma irin labaran nan ba baƙi ba ne a wurinmu, tun Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a 1934 ake kai Bahaushe ƙasar aljanu a takarda, kafin nan kuma kakanninmu na yi mana da baki a tatsuniya, shi ya sa tsoho da yaro duk suke iya zama su saurara. Na soyayyar ma da suka yi tashe wajen 1990 zamanin su Hajiya Balaraba Ramat da Anti Bilkisu Funtuwa da Ado Gidan Dabino, a takarda suka shigo mana garin nan hannu zuwa hannu.

Wani abin kuma, ke budurwa ce a gaban iyayenki. Abin da aka buga a Kano akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i da ke sa ido a kai, ga mai bugawa ga mai sayarwa duk suna tsoron sunansu. Na waya ba mai dubawa. Akwai marubuta masu mutunci sosai a ciki ban musa ba, amma akwai waɗanda fej na kyauta lafiya lau, sai kin biya kin shiga ki tarar da batsar da ba za ki so ƙaninki ya ɗauki wayarki ya gani ba.

Ba ki tambaye ni wannan ba amma sai na faɗa miki, ki kula da macuta, ta kowane ɓangare akwai su. A waya akwai masu satar littafin mutane, su shiga gurup da kuɗin mutum ɗaya su kwashe fej ɗin su haɗa dokumen su dawo suna tallan wai kamfilit a rabin kuɗi, kin biya a turo miki rabi ko a turo wani tsohon labari da aka canza wa suna, ita kuma wadda ta yi wahalar rubutawa ko dala ba ta gani ba, wannan haƙƙi ne kuma ke da kika saya kina ciki. Akwai masu buɗe shafi da sunan fitacciyar marubuciya da hoton bangon littafinta su sa tasu lambar, mu ƴan Nijar mun fi faɗawa wannan tarkon saboda ba ma tura naira kai tsaye, dole sai ta hannun wani, kuma kina turawa a toshe ki. Duk wanda ya ce miki yau kaɗai ne ragi ki yi sauri, ki riƙe kuɗinki.

Masu takardar ma ba duka ne na Allah ba. Babbar cutarsu ita ce a sayar miki 1 da 2 a ce na 3 yana hanya sati mai zuwa, alhali ko a Kano bai fito ba, wani ma marubucin ya daina bugawa tuntuni. Kada ki yarda, ki buɗe shafin ƙarshe na kashin ƙarshe da idonki, in kin ga alhamdulillahi ko tammat ko ƙarshe to ya cika, in kin ga mu haɗu a littafi na gaba ki ajiye masa abinsa ko da ya rantse. Ki duba lambobin shafi daga tsakiya, saboda ana samun wanda aka tsallake shafi 8 ko aka maimaita wasu wajen ɗinki. Ki ɗaga takardar ki gani ko fotokopi ce, tawadarta takan yi dishi-dishi kuma gefen rubutun a karkace, wannan ba shi da ƙarko. Akwai kuma tsohon littafi da ake sa wa sabon bango mai ƙyalli, don haka ki karanta shafin farko a tsaye a gabansa, in kin taɓa karantawa za ki gane. Mai gaskiya ba zai hana ki dubawa ba, dattijon da nake saye wajensa shi da kansa yake cewa Hajiya wannan bai cika ba kada ki ɗauka.

Gaskiya kuɗin takarda ya hau ba kamar da ba, kuma sabbi ba sa zuwa da yawa tunda marubuta suka koma waya, wani lokacin sai ki ba da saƙo wajen masu zuwa Kano ta Matamaye da Ɗan Barto a dubo miki a kasuwar Kurmi ko Sabon Gari. Duk da haka jika 5 za ta yi miki abin kirki in kin iya ciniki. Ki fara da na aljanu da jarumta cikakke guda ɗaya mai soyayya a ciki, shi za ki karanta da mutanen gida, sannan ki ɗauki na soyayya zalla guda ɗaya mai kashi 2 ko 3 na ɗakinki, canjin da ya rage ki riƙe don haya ko musaya, mu nan unguwarmu haka muke yi, ki ba da naki a ba ki wani. In kuma wani na waya ya shiga ranki dole dole, ki jira sai an gama shi kin ji daga bakin wadda ta karanta har ƙarshe, sannan ki biya mai shi kai tsaye ta lambar da ke cikin fej ɗinta na farko.

Ranar Alhamis in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa bayan la'asar, in kina da hali ki yi min magana mu haɗu in kai ki wajen dattijon, zan taho miki da kashi na 1 na mai tulun aro ki fara, amma ki riƙe min shi da kyau don Inna na tambaya.